Kanta Mai 'Yan Ƙofofi

Auta ta tsaya gaban kantar kicin ɗinta, ta yi bisimilla, ta miƙa hannu gida na farko. Ƙwayar maganinta ce a ciki da ɗan kofi. Ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta tura 'yar ƙofar ta rufe. Sannan ta matsa gida na biyu.

Doguwar kanta ce mai hawa biyu da mijinta ya kafa mata a bango, daga jikin taga har bakin ƙofa. Ya yanka ta gida-gida, kowane gida da 'yar ƙofarsa ta katako. Baƙon da ya leƙa zai rantse matar gidan ba ta iya jera kaya ba. Ashana ita kaɗai a gida guda. Ganyen shayi na zaune da cokali ɗaya tilo. Gidan ƙarshe kuwa babu komai a ciki sai wani tsohon makunnin gas da ya karye, an rataye shi da zare don ya tuna mata ta kashe wuta. Hawan sama na karin kumallo ne, na ƙasa na wankan 'yarsu, wadda suke kira Kumatu. Kowace yamma sai a buɗe ƙofofin duka. Da safe Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta yi aikin da ke cikin gida, ta rufe, ta wuce. In an kira ta ko yarinya ta yi kuka, da ta dawo sai ta duba ƙofar farko da ke buɗe, ta san nan ta tsaya.

"Madam, lebura fa zai fita da yunwa," in ji mijinta, wanda kowa ke kira Kafinta, daga bakin ƙofa. Yana ɗauke da Kumatu a kafaɗa, tana jan kunnensa.

"Lebura ya bi layi. Yanzu nake gidan ashana."

"Ni na ƙera layin, amma ba za a yi min alfarma ba?"

"Kai da bakinka ka ce ba a tsallake."

Ya yi dariya, ya jingina da bango yana kallonta har ta rufe gidan ƙarshe. Sai da ta miƙa masa kofi sannan ya faɗa mata. An ba shi aikin ƙofofi da tagogi a wani babban gini, nesa da gari, zai yi 'yan kwanaki. Mahaifiyarsa za ta zo ta zauna da ita, kuma yayarsa, wadda kowa ke kira Anti, ta ce za ta rako ta.

"Har da Anti?"

"Auta, ki bar ni in gaya wa Umma amfanin kantar nan. Maganar minti ɗaya ce."

"A'a, don Allah." Muryarta ta yi ƙasa. "Da ƙyar ta yarda da faɗuwar. In ta ji har kaina na sarƙewa, gobe dangi za su ce ka auro mai taɓin hankali. Zan iya. Ai kantar na nan."

Farfaɗiya ce da Auta tun tana budurwa. Likita ya ce irin wadda ke kama ƙwaƙwalwa gaba ɗaya lokaci guda ce, ba gefe ɗaya ba. Da ta dace da magani faɗuwar ta yi nisa, har an daɗe ba a gani ba. Amma akwai ragowar da ba ta fitowa fili. Auta ba ta manta sunan mutum, ba ta manta karatunta, in ana hira ta fi kowa saurin gane zolaya. Abin da ke gagarar ta shi ne jera aiki: wanne ne farko, wanne ke biye, yaushe za a bar wannan a kama wancan. In abu biyu suka zo mata tare sai su cushe mata a kai kamar fasinjoji a ƙofar mota, babu mai shiga babu mai fita. In aka katse ta tsakiyar aiki, sai ta dawo ta tsaya tana kallon hannunta.

A shagon fenti da ƙusoshi na mahaifinta Kafinta ya fara lura da haka. Masu saye uku su yi mata magana tare, sai ya ga ta daskare da gwangwani a hannu, suna ta yi mata tsawa. Shi kuwa sai ya jira shago ya yi shiru, ya ce, "Ƙusa nake so." In ta kawo, ya ce, "Sai gam." In ta kawo, ya ce, "Sai kuma ki gaya min wa ake tambaya in ana son aurenki." Umma ta yi ta jan ƙafa a kan auren, daga baya ta ce ciwo daga Allah yake, ta sa albarka. Faɗuwar kawai aka gaya mata. Sauran suka rufe tsakaninsu.

Umma ta iso da jakarta da carbinta. Mace ce mai tsabta da tsari, ba ta iya ganin cokali cikin wuƙaƙe ta wuce. Tun ranar farko ta tsaya gaban kantar tana girgiza kai.

"Wannan kuma wane irin aiki ne? Kejin tantabaru?"

"Dizain ne, Umma," in ji Anti tana taunar cingam. "Ɗanki ya ga mata sai ya rasa abin yi da katako."

Auta ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai.

Washegari ta kai Kumatu awo asibiti. Layi ya yi tsawo, ba ta dawo ba sai bayan azahar. Tun daga tsakar gida ta ji ƙamshin sabulu. Ta leƙa kicin.

Babu ƙofa ko ɗaya a jikin kantar. Anti ta kwance su da bakin wuƙa, ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Kofuna sun jeru da kofuna, cokula da cokula, farantan baƙi sun hau sama suna ƙyalli. Soso da tawul da sabulun Kumatu sun koma banɗaki.

"Na gyara miki," in ji Umma, tana share hannu a gefen zani, fuskarta a sake. "Ƙofofin nan kyankyaso kawai suke tarawa. Maganinki na kai saman wadurof, ba a ajiye magani inda yaro zai kai hannu. Wani karyayyen makunni ma na gani a rataye, na jefar."

Bakin Auta ya buɗe. Maganar ta zo har maƙogwaro. Ta dubi gumin da ke goshin tsohuwar, ta dubi Anti da ke jiran ta ce wani abu, sai ta rusuna.

"Na gode, Umma. Allah ya saka da alheri."

Da yamma Kafinta ya bugo waya.

"Yaya gidan? Umma ba ta takura miki ba?"

"Lafiya lau. Ka yi aikinka."

Da gari ya waye ta shiga kicin, hannunta ya tafi gida na farko da kansa, ya tarar da farantai. Magani, ta ce a ranta, yana ɗaki. Ta nufi ɗaki. Tana tsakar gida Anti ta ƙwala mata kira ta kawo ayan ɗin guga. Ta kai. Umma ta ce a ɗora ruwa. Kumatu ta kifar da kofi ta fashe da kuka. Da Auta ta farga tana tsaye a ƙofar ɗaki da tsumma a hannu, ta san wani abu ya kawo ta, amma ko za a yanka ta ba ta san mene ne ba.

Haka ranar ta wuce, haka wadda ta biyo ta. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta wanke shinkafa ta bar ta a kwano, ta ɗora tukunya babu komai har ta fara hayaƙi. Ta jiƙa wanki ta koma shara, ta bar shara ta koma wanke-wanke, gida ya cika da ayyuka rabi-rabi. Maganin kuwa sai ta tuna da shi tana ruku'u ko tana goge wa yarinya hanci, kafin ta kai hannu wani abu ya shiga tsakani.

"Wai ke sabis ne ke ɗauke miki?" in ji Anti. "A yi miki magana ki tsaya kamar an dasa ki."

"Sori, Anti."

"Sori ba ya dafa abinci. Ashe ƙanena girki yake yi a ɓoye, muna can muna yabon amarya."

Idon Umma kuwa na bin Auta ko'ina, kuma kallon ya fi maganar Anti nauyi. Auta ta kan ji zuciyarta na bugawa tun kafin ta shiga kicin. Barci ya ƙaurace mata. Sau biyu ta durƙusa gefen gado ta taɓa kwalin ƙofofin, ta janye hannu. In ta mayar da su, ai ta ce wa Umma aikinta bai yi ba ke nan.

Ran da abin ya faru, safiya ce mai sanyi. Auta ta ajiye bahon wanka a tsakar gida, ta juye tafasasshen ruwa a ciki kamar yadda ta saba farawa. A kantarta, gida na gaba moɗa ce ta ruwan sanyi, na bayansa kuma wani ɗan katako da aka sassaƙa kamar gwiwar hannu, don ta tuna ta taɓa ruwan. Yanzu babu moɗa babu katako.

"Auta, zo ki riƙe min bakin labulen nan," Anti ta kira daga falo.

Ta je ta riƙe. Mai kawo gas ya buga ƙofa, ta buɗe masa. Ta dawo ta ga baho da ruwa, ga tawul, ga sabulu, ga Kumatu na tatata tana miƙo hannu. Komai ya yi mata kamar an gama shiri. Ta tuɓe wa yarinyar riga, ta ɗaga ta sama tana yi mata wasa, ta fara sauke ta. 'Yan ƙafafun na wutsil-wutsil a saman ruwan.

Umma ce ta ga tururin. Daga kan tabarma ta zabura, carbinta ya faɗi, ta fizge yarinyar da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya dafa cikin bahon har wuyan hannu. Ta ja numfashi ta tsakanin haƙora, ba ta yi ihu ba. Kumatu ce ta tsala kuka don firgita.

"Innalillahi!" Anti ta fito da gudu. "Dafa ta za ki yi?"

Auta ta kalli ruwan, ta kalli hannun Umma da ya yi jajir. Ta kasa motsi. Ta san ana kawo ruwan sanyi, ta san ana ba da haƙuri, ta san ana karɓar yarinya a rarrashe ta, duka ukun suka zo tare, ta tsaya ƙiƙam.

"Kin gani ko, Umma? Ko a jikinta."

Anti ta sa hannun Umma ƙarƙashin famfo. Umma na rungume da jikarta, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Na yi shiru da gishiri, na yi shiru da tukunya. Wannan ba zan yi shiru ba. Yarinyar nan da ni za ta tafi yau. Ke kuma in ya dawo ya kai ki gidanku ki huta. Ban ga uwa a nan ba."

"Umma, don Allah ki tsaya in..."

Ba ta ƙarasa ba. Wata ƙara ta fita daga ƙirjinta, jikinta ya sandare, ta zube a siminti, sannan jijjigar ta fara. Anti ta yi kicin da gudu ta ɗauko cokali.

"Ajiye shi," in ji Umma. "Ƙanenki ya ce ba a sa mata komai a baki." Ta miƙa wa Anti yarinyar, ta ture bahon da ƙafa, ta cusa mayafinta ƙarƙashin kan Auta. Da jijjigar ta lafa ta juya ta gefe da hannunta mai lafiya, ta zauna kusa da ita tana salati har numfashinta ya daidaita.

Auta ta farka a kan gado da yamma, kanta kamar an sara, harshenta na zafi. Kafinta na zaune a ƙasa, kayan aiki a jikinsa, garin katako a gashinsa. Anti ce ta kira shi. Umma ta jira ya iso sannan ta tafi. Auta ta juya ta kalli ɗan gadon Kumatu. Babu kowa, har bargon an ɗauke.

"Na ga kicin," ya ce a hankali. "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Na ce zan iya." Hawaye suka gangaro mata cikin kunne. "Saura kaɗan in ƙona 'yata. Wataƙila Umma gaskiya ta faɗa."

"Kin taɓa kuskure wankan nan da kantar na nan?"

"A'a."

"To ba ke kika canza ba. Ni ne na tafi na bar ki da sirrin da ya fi ƙarfinki."

Da safe suka je asibiti. Likita ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ya ce tsallake magani da rashin barci su suka jawo faɗuwar. Da Kafinta ya ba shi labarin kantar, sai ya ajiye biro. Ya ce da yawa daga masu irin wannan farfaɗiyar na fama da haka ko ba su faɗi ba: tsara aiki, riƙe abu biyu a kai, komawa inda aka tsaya. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma rashin kula ba, kuma dabarar da suka yi ita ce irin wadda yake ba marasa lafiyarsa shawara. Ya ƙara da cewa kada ta ƙara yi wa yarinya wanka ita kaɗai a gida, saboda faɗuwa ba ta sallama.

"In je da ke wajen Umma in yi mata bayani?" Kafinta ya tambaya a hanya.

"Mu je. Amma ni zan yi magana. Ni na ɓoye."

Sun tarar da Umma a falonta, hannun hagu a naɗe da bandeji, na dama na jan carbi. Kumatu na barci a bayanta kan kujera. Auta ta ji kamar ta rarrafa ta ɗauke ta, ta danne, ta durƙusa nesa da kafet ta gaishe ta. Kafinta ya buɗe baki, Umma ta ɗaga masa hannu.

"In roƙo ka zo yi, ka ajiye. Ban ce ka sake ta ba. Na ce ta je gida ta huta, yarinya ta zauna nan."

Kowa a ɗakin ya san irin wannan hutun ba a cika dawowa daga shi ba.

"Umma," in ji Auta, "akwai abin da na hana shi gaya miki. Ciwon nan bai tsaya a faɗuwa ba. Ya taɓa min yadda nake jera aiki. Ina sanin komai, amma in aka katse ni ba na gane inda na tsaya."

"Sabon salo," in ji Anti daga bakin ƙofa. "Lalaci ma yanzu likita ke rubuta shi. Umma, wai mai ɗinki na tambaya, hannun rigar dogo ko gajere?"

Umma ta dakata da jan carbin. Babban yatsanta ya danne ƙwayar da ta kai, ta juya ta ce, "Dogo." Sannan ta dawo, yatsan ya saki, ƙwaya ta gaba ta wuce.

Auta na kallon hannun. Ta matso kaɗan a kan gwiwoyinta.

"Umma, ki yi haƙuri da tambayata. Yanzu da Anti ta katse ki, yaya aka yi kika san inda kika tsaya?"

Umma ta dube ta a karkace. "Yatsana na kai."

"In da wani ya zare zaren, ya wanke 'ya'yan tas, ya zuba miki su a kwano mai kyau fa?"

Auta ta ci gaba.

"Kantar nan haka take a wajena. Ƙofar da na rufe, na wuce ta. Wadda ke buɗe, nan yatsana yake. Gida na farko maganina ne. Bayan ruwan zafi akwai moɗar ruwan sanyi. Ba laifinki ba ne, Umma, alheri kika yi min. Ni ce na ce na gode alhali ya kamata in ce a mayar. Kunya ce ta hana ni, har ta kusa cin 'yata, ta ƙona miki hannu." Ta share fuska da gefen hijabi. "Ba na ce ki ba ni ita yau ba. In kin ga ban cancanta ba, kin fi ni sanin reno. Roƙona ki zo ki gani da idonki kafin ki yanke."

Umma ta daɗe tana kallon carbin da ke hannunta. Can ta ce, "Na ji. Ku tafi."

"Umma, yarinyar..." in ji Kafinta.

"Na ce na ji."

Suka fito babu Kumatu. A bakin ƙofa Auta ta dafa bango, Kafinta ya riƙe mata jaka.

Ranar ya jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ya mayar da ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Gidan ƙarshe ya zauna wayam, don shara ta riga ta tafi da makunnin. Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Auta tsawo. Ba a kai ta gidansu ba, ba a kuma kawo yarinya ba. Wata ƙawarta ta ce ta kai ƙara wajen iyayenta a je a karɓo mata 'yarta da ƙarfi, ta ce a'a. Kowace safiya ta sha magani, ta bugo wa Umma ta gaishe ta, ta tambayi hannu, ba ta taɓa cewa yaushe ba. In ta jiyo muryar Kumatu ta cikin wayar sai ta toshe baki har a kashe. Kowace yamma kuma ta buɗe ƙofofin hawan ƙasa duka, da safe ta tarar da su yadda ta bar su.

"Ki bar buɗe su mana, suna sa ki kuka," in ji Kafinta.

"Bari dai. Kada ranar ta zo ta same su a rufe."

Ranar ta zo da hantsi, babu sanarwa. Umma ta yi sallama ita kaɗai, babu Anti, Kumatu a goye. Yarinyar na ganin uwarta ta fara zillo. Auta ta miƙa hannu, sai ta tsaya, ta dubi Umma.

"Ba a yi mata wanka ba," in ji Umma. "Yi in gani."

Ta ja kujera ta zauna a ƙofar kicin, inda take ganin kantar da tsakar gida. Kafinta ya tsaya jikin taga kamar mai jiran hukunci. Auta ta ɗauki baho, ta rufe ƙofa. Tawul da sabulu, ta rufe. Ta juye ruwan zafi, ta rufe.

"Ke, kawo min ruwan sha," in ji Umma. "Ki duba min takalmina kuma, kamar na bar shi a waje. Kai kuma kira wayarta."

Wayar ta hau ƙara. Auta ta kawo ruwa, ta shigo da takalmi, ta kashe waya. Ta dawo tsakar gida, ga baho, ga tawul, ga yarinya na miƙo hannu, komai kamar an gama shiri. Kanta ya yi fari fat. Ta ji idon Umma a bayanta. Ta ja numfashi, ta juya ta koma gaban kantar. Ƙofa uku a rufe, ta huɗu a buɗe, moɗa na zaune a ciki. Ta ɗauka ta sirka ruwan, ta rufe. Ta ga ɗan katakon nan, ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu, ta ƙara moɗa ɗaya, ta sake tsomawa. Sannan ta zo gaban Umma ta rusuna.

"An gama, Umma."

Umma ta kwance goyon ta miƙa mata. Auta ta rungume 'yarta, ta cusa fuska a wuyanta, kafaɗunta na girgiza. Sai da aka yi wankan aka shafa mai, sannan Umma ta tashi ta tsaya gaban hawan ƙasa, tana bin gidajen da yatsa.

"Wa ya jera wannan?"

"Ni ne, Umma," in ji Kafinta.

"Shi ya sa. Katako ka sani, ba ka taɓa renon yaro ba. Wa ya gaya maka ana fara zuba na zafi? Na sanyi ake farawa. In ma an katse ta a tsakiya, iyakaci yarinya ta ji sanyi ta yi kuka." Ta ciro moɗar ta mayar da ita gaba. "Kuma ruwan kada ya wuce idon sawunta. In za ka yi tafiya ka kira ni, wanka sai ina zaune."

Kafinta ya sosa ƙeya. "Shekara nawa ina taƙama da kantar nan."

"Ka ci gaba da taƙama, amma ka gyara."

Ta buɗe jakarta ta ɗauko wani abu a ƙulle cikin hankici. Makunnin gas ne, tsoho, baƙi, ta zura masa zare.

"Daga tsohon murhuna na cire. Naku na jefar." Ta rataye shi da kanta a gidan ƙarshe, ta juyo ga Auta. "Na zo gyara miki gida na rushe miki shi, na kuma ce ban ga uwa ba. Ki yafe min, 'yata."

"Ni ce mai neman yafiya, Umma."

"To mun yafe wa juna. Anti ma na ja mata kunne, ba mai ƙara yi miki magana biyu a haɗe a gidan nan. Yanzu ɗora min shayi, ki bi layinki, ba na sauri."

Auta ta miƙa Kumatu ga ubanta, ta tsaya gaban kantar. Gida na farko a rufe yake tun safe. Ta sa hannu a na biyu.

Ba kowace lalura ce ake gani da ido ba. Wani ciwon yana kayar da mutum a gaban jama'a, wani kuma yana zaune shiru a cikin kai, mai shi na fama ana kiransa malalaci. Wanda ya ga abin da bai gane ba a gidan wani, ya tambaya kafin ya gyara, ya kuma tambaya kafin ya yanke hukunci. Mai lalura shi ma kada kunya ta sa ya ɓoye wa nasa abin da za su taimake shi da shi, don ciwo jarrabawa ce daga Allah, ba abin kunya ba. Auta ta faɗi gaskiya, ta yi haƙuri ba ta ɗaga murya ga surukarta ba, Allah kuma ya mayar mata da 'yarta, ya ƙara mata da uwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu haƙurin zama da juna.